Inuwar Lyon da Zaren Bajamushe

Ni ladan ne, ko in ce ladan nake kafin idanuna su yi yana. A unguwarmu ta Damagaram na yi kiran salla tun gemuna yana baƙi har ya koma fari, kuma ban taɓa duba agogo don azahar ko la'asar ba. Ƙafata ce agogona. Sai in fito filin masallaci, in ba rana baya, in duba inda inuwar kaina ta faɗi, in taka zuwa can, dunduniya na bin yatsa. Malamin da ya koya mini ya ce tsawon kowane mutum ƙafa bakwai ne da ƙafar kansa, sannan ya ba mu haddar wata-wata: a wata kaza, inuwar tsakar rana ƙafa kaza ce. A tsakiyar sanyi biyar ce. In ta ragu ta kai nan ta ɗan gota, azahar ta yi. In ka ɗora bakwai a kai, la'asar ke nan. Na haddace wannan kamar sunan ubana. Bayanin da ya biyo baya ban zauna na ji ba, domin a shekarar na tafi koyon gyaran keke. Lakkol kuwa, wato makarantar boko, aji uku na yi, mushe, malaminmu na can, ya ce in je gida in huta, kaina ya cika. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zaci wani shehi ne ke rubutu.

Da yanar ta rufe idanun har na daina ganin kan inuwata, sai ƴata ta aiko a kai ni Faransa a yi mini aiki. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake kiranta. Ita da mijinta suna zaune a Rillieux-la-Pape, a bayan Lyon, a wani dogon gida da sai asansar, na'urar hawa bene, ke kai mutum ɗakinsa. Aikinta bincike ne a kan tsofaffin kayan auna lokaci, kuma shekara da shekaru tana bin diddigin wani Bajamushe mai ƙera agogon rana, wanda ya mutu tun kafin a haifi kakan kakan kakana. Nakan tsokane ta in ce, “Uwata, duk rayayyun duniya ba su ishe ki ba, sai mataccen Bature mai agogon da ba ya tafiya?” Sai ta ce, “Baba, ai abokin sana'arka ne.” Ni kuwa in ce Allah ya sawwaƙe.

An yi mini ido na dama, ya buɗe tar. Na ga fuskar Uwata da kyau, na ga ashe ta fara furfura ba ta gaya mini ba. Aka ba da randebu, wato ranar aiki, na ido na hagu sai bayan wasu makonni. Likitar ta ce wannan ya fi nuna, in aka bar shi yanar za ta yi tauri, aikin zai yi wuya, ana ma iya rasa idon.

Duk wannan lokaci ban ga rana ba. Sama a rufe take kamar an kifa mata ƙwarya. Uwata ta sa mini wani ladan a cikin waya, in lokaci ya yi sai ya yi kira daga aljihuna. Ina binsa, amma irin bin da ake yi wa limamin da ba a san asalinsa ba. Wa ya naɗa shi? A ina ya ga rana da ni ban gani ba? Na ce a raina, bari dai ta fito in gwada shi.

Ta fito wata ranar Disamba. Na sa manto, rigar sanyi, har biyu, na ɗauki sandata, na sauka. A gindin gidan akwai wani fili mai tsakuwa inda tsofaffi ke jifan ƙwallayen ƙarfe, yawancinsu Larabawan Aljeriya. Na ba rana baya, na duba da sabon idona, sai na ga inuwata ta miƙe kamar ta wani basamude. Na taka. Na wuce biyar, na wuce goma sha biyu inda la'asar take a wurinmu, ban kai ko kusa ba. Na ce to, ashe da sauran hantsi. Na zauna a benci ina jira ta ragu.

Ta ragu kaɗan. Na sake takawa, tana nan da tsawonta fiye da biyuna. Ladan na aljihu ya kira azahar. Na ce masa, “Ƙarya kake, ɗan nan,” na danne shi. Na ci gaba da takawa ina komawa benci, tsofaffin suna kallona, har ɗaya ya zo ya tambaya ko wani abu na yar. Can sai na lura inuwar ba raguwa take ba, ƙaruwa take. Na ce ko idon ne bai warke ba. Na rufe shi na buɗe. Ƙaruwa dai take. Wayar ta kira la'asar. Ban ankara ba rana ta yi ja ta rataye a bayan wani gida, ni kuwa ko alwala ban yi ba.

Yadda na hau asansar ɗin nan ban sani ba. Na yi azahar da la'asar a jere, rana na shirin faɗuwa, ni da na yi shekaru ina tashin mutane daga barcin rana. Da na sallame sai na zauna a kan darduma ina tunani. Ba ma makarar ce ta fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin da ya fito fili: inuwa ba ta sauko biyar ba, ke nan azahar ba ta shigo ba. Garin nan daga hantsi yake tsallakawa zuwa la'asar sakaliya. To, wace salla nake yi duk makonnin nan? In lokaci bai shiga ba, ai motsa jiki kawai nake yi a kan darduma.

Na kasa cin abinci. Da yamma Uwata ta dawo, na gaya mata. Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ɗauko lemo da fitila ta kashe wutar falo, ta ce lemon nan duniya ce, mu muna nan sama, Damagaram tana nan kusa da ciki, rana kuma a lokacin sanyi daga gefe take hasko mu. Tana juya lemo tana zuba faransanci a cikin hausar. Na saurara da ladabi. Da ta gama na karɓi lemon na ɓare, na ce, “Uwata, duniyarki da tsami.” Gaskiya ban gane komai ba, kuma ban so in gane ba. Mutum bai kamata ya ɗora sallarsa a kan lemo ba.

Kwanakin da suka biyo baya sama ta sake rufewa. Duk sanda wayar ta kira azahar sai in rasa abin yi. In yi, zuciyata ta ce ba a lokaci ba ne. In bari, ta ce ka bar salla. Wani lokaci in yi sau biyu, in zauna ina tunanin ko duka biyun sun faɗi. Daga ƙarshe na ce wa Uwata ta mayar da ni gida.

Ta ce, “Baba, saura idon hagu. Ka san wahalar da aka sha kafin a samu randebun nan?”

Na ce, “Gara in shiga kabari da ido ɗaya da salla biyar, da in shiga da ido biyu da salla huɗu.”

Mijinta ya sa baki da su don Allah Baba, na ce masa shi ma ya binciki azaharinsa. Sai na kira taubashina da ke Montreuil, a gefen Paris. Ɗan ƙanwar babana ne, ke nan bawana ne, ko da yake shi ya ce ba a taɓa sayensa ba. Ya daɗe a Paris har ya ajiye aiki, yana zaune a fuwaye, gidan da ƴan ƙasashenmu ma'aikata suke haɗuwa. Gaisuwar waya gajera ce, ina gajiya, ina sanyi, sai na ce masa zan sauka wurinsa a kan hanyata ta komawa. Ya ce in zo, akwai katifar bayi.

A jirgin ƙasa Uwata ba ta ce mini uffan ba tun daga Lyon har Paris. Tana kallon taga, ni ina kallonta da ido ɗaya. Na san halin, na mahaifiyata ne. In ta yi irin wannan shirun, ba ta haƙura ba ke nan.

Mun bi metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har kusan ƙarshen layi. Fuwayen cike yake da ƴan Mali, ƙanshin miyar gyaɗa tun daga matakala, ga masu sayar da goro da masara gasassa a ƙofa. Taubashi ya tare ni da kofin shayi, ya saurari ƙarata har ƙarshe yana gyaɗa kai kamar alƙali.

Ya ce, “Ke nan inuwar Damagaram ka sako a jaka ka zo da ita? Ƴan duwan masu binciken kaya ba su kama ta ba?”

Na ce, “Bawa, maganar addini nake.”

“Ni ma ita nake. Tun ina da haƙora nake garin nan. In babu azahar a Faransa, to ni ramuwar da ke kaina sai dai a raba wa dangi, kowa ya ɗauki tasa. Kai ma za a ba ka kaso.”

Ya yi dariya har da tari, ni kuwa abin bai ba ni dariya ba. Na dube shi, tsoho tukuf da hula a karkace, na ga in lissafina daidai ne, ba ni kaɗai ke cikin ruwa ba, har da shi da duk mutanen da ke jera takalma a ƙofar ɗakin sallar fuwayen nan. In kuwa ba daidai ba ne, to malamina, wanda na yi wa wanka na sa a kabari da hannuna, ya koya mini abin da ba haka yake ba. Ko wanne na ɗauka yana ƙuna.

Washegari Uwata ta zo da safe ta ce wurin canza tikiti sai da rana ake buɗewa, in zo in ga inda take aikin bincikenta in ta shigo Paris kafin nan. Na san dabara ce, amma uba ba ya ƙin ganin wurin aikin ƴarsa. Taubashi ya ce shi ma zai bi, wai don ya riƙe mini inuwa kada ta ɓata a metro.

Gidan ajiye kayan tarihi ne, amma ba ta ƙofar baƙi muka shiga ba. Ta kai mu wani ɗaki a baya, babu taga, sanyi kamar randa. Ta sa safar hannu, ta jawo wani aljihun tebur, ta fito da abin. Na zaci zan ga wani babban dutse. Ashe bai fi sabulun wanka ba, fari mai ɗan rawaya, yana buɗewa kamar littafi. In an buɗe, murfin ya tsaya a tsaye, ƙasan ya kwanta, sai wani siririn zare ya miƙe a tsakaninsu a karkace. A ƙasan akwai zane-zanen layi da lambobi, da ƴar allura a cikin gilashi mai nuna arewa. Inuwar zaren ce ke faɗa wa mutum lokaci.

Na ce, “Ƙashi ne?”

Ta ce, “Hauren giwa ne, Baba.”

Taubashi ya ce, “To ai kayanmu ne. A nannaɗe mana.”

Ta ba mu labarin mai shi. A Nuremberg ya zauna, wani garin maƙera a Jamus. A gidan ubansa ya koyi sana'ar, yana yaro yana goge haure, kafin a yarda ya riƙe abin zane. Sai da ya ƙera na gwaji manyan sana'ar suka duba suka yarda, sannan aka bar shi ya buga tambarinsa. Ta nuna mini tambarin a gefe, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero, da sabon idona ma sai da gilashi na gan shi. Fatake yake yi wa, masu ratsa ƙasashe da kaya a kan dawaki. Ta ce abin da ya fi ba ta tausayi, bisa ga abin da ta gano, shi kansa da wuya in ya taɓa yin nisa da garinsu, domin hukumar garin ba ta son masu irin wannan sana'a su fita da ita waje. Yana zaune a bencinsa yana yi wa matafiya agogon garuruwan da bai taɓa gani ba.

Na ce, “To yaya ya san inuwarsu?”

Ban san na yi tambayar ba sai da na ji ta a bakina. Uwata ta rufe murfin. Ta mayar da na hauren, ta ɗauko wani na katako irinsa sak, wanda suka yi don masu koyo, ta sa mini a hannu. Ta ce in shafa cikin murfin. Na shafa, na ji ƴan ramuka a jere, ɗaya bisa ɗaya, zaren yana cikin guda.

Ta ce, “Wannan ramin na Paris ne. In bafatake ya gangara Lyon, sai ya zare zaren ya mayar da shi na ƙasa da shi. In ya haura arewa, ya ɗaga shi sama. In ya manta bai canza ba, agogon zai yi masa ƙarya, alhali ba abin da ya lalace a jikinsa.”

Na yi gyaran keke, hannuna ya fi kaina saurin fahimta. Na zare zaren na sa a ramin Lyon. Ta riƙe fitila a gefe. Na mayar da shi na Paris, inuwar ta gusa. Na sake mayarwa, ta dawo. Tsakanin Paris da Lyon, tafiyar da muka yi jiya muna zaune ko shayi bai huce mana a ciki ba, har an canza rami. To ina ga wanda ya taso daga Damagaram?

Na ce, “Ina raminmu?”

Ta ce, “Babu, Baba. Bai yi ba. Da zai yi, sai can ƙasa, zaren ya kusa kwanciya.”

Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, ban ɓoye ba. Ashe shi ma Bajamushen iliminsa yana da inda ya tsaya. Shi bai huda ramin Damagaram ba, malamina bai ba ni ƙafafun Lyon ba, kowa ya yi wa mutanen da yake tsammani. Malam bai yi ƙarya ba. Rami ɗaya ya ba ni, na garinmu, don bai taɓa zaton mai gyaran keke zai hau jirgin sama ba. Ina juya abin a hannuna sai wata magana tasa ta dawo mini, wadda yakan faɗa kafin ya fara jero lambobin, mu kuwa muna ƙosawa ya wuce ta: inuwa tana raguwa, sai ta tsaya, sai ta juya, juyawar nan ita ce azahar. Lambobin don sauƙi ne kawai. Ranar nan a filin ƙwallaye na ga ta juya da idona, na tsaya ina jiran biyar.

Taubashi ya ce, “Ya yi shiru. Ƴata, duba ko ya suma.”

Na ce, “Ban ce na fasa tafiya ba. A dai ɗaga ranar. Sai na gwada da kaina.”

Muka koma Lyon, sama kuwa ta ƙi buɗewa. Kullum da safe ina bakin taga kamar mai jiran baƙo. Ranar aikin ido tana matsowa, ni kuwa na riga na rantse a gaban suruki cewa ba zan kwanta a gadon likita ba sai na ga azahar ɗin garin nan da idona. Na yi nadamar rantsuwar, amma ta fita. Uwata tana duba hasashen yanayi a waya tana ɓoye mini fuska. Na rame har wandona ya fara neman igiya.

Ana gab da ranar sai gari ya waye da haske. Na sauka tun da hantsi. Wannan karon ban taka ba. Na kafa sandata a cikin tsakuwa, na sa dutse a kan inuwarta, na jira, ta ja baya, na sa wani. Tsofaffin suka bar wasansu suka kewaye ni. Wanda ya tambaye ni kwanaki ko na yar da wani abu ya gane abin da nake yi, ya ce wani abu da larabci wanda na tsinci kalmar zawali a ciki, ya hana sauran taka wurin. Duwatsun suna ta matsowa kusa da juna har suka haɗe. Gajimare ya taso daga yamma. Inuwar ta tsaya kamar mai tunani. Sai ta ɗan zarce dutsen ƙarshe, kaɗan, kamar faɗin yatsa.

Ban kai ga miƙewa ba ladan na aljihu ya ɗaga murya. Na bar shi ya gama. Na ce masa, “To, ka yi daidai da ni.” Balaraben ya shimfiɗa mini kwali a gefen benci, na yi azahar a nan cikin sanyi da manto biyu, goshina a kan tambarin wani kantin kayan miya.

An yi idon hagu, ga shi da shi nake wannan rubutu. Taubashi ya kira ya ce ya ji an samo azahar a Rillieux, ko za a aiko musu da kaɗan. Uwata ta ba ni na katakon na taho da shi, ta sa an huda masa rami ɗaya can ƙasa, amma layukan ba su dace da mu ba, sai ya zama abin nuna wa baƙi. Na koma filin masallacinmu ina taka inuwa kamar da. Sai dai yanzu in wani ya tambaye ni ƙafa nawa ce a tsakiyar sanyi, nakan ce biyar, a nan. In ya ce a nan kamar yaya, sai in ce ya samo kujera, maganar da tsawo, kuma akwai Bajamushe a ciki.